Ku Tambaya Mu Amsa: Hutu a Nainital Ba Tare da Aljihu Ya Yi Kuka Ba

Wasiƙu uku ne suka iso mana a wannan wata daga 'yan'uwanmu mazauna Indiya, kuma dukkansu a kan gari ɗaya suke, wato Nainital, garin da ya kewaye wani tafki a cikin tsaunukan jihar Uttarakhand. Saboda haka muka ga ya dace mu ba su filin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, mu ɗalibai huɗu ne 'yan Kano da Katsina da ke karatu a Greater Noida, kusa da Delhi. Muna da hutun kwana huɗu a watan Nuwamba, kuma abokan karatunmu Indiyawa sun dame mu da labarin Nainital har muka ƙudura niyyar zuwa. Matsalar ita ce kuɗin da iyayenmu ke aiko mana ya ragu ƙwarai idan aka canza shi, kuma wani kamfanin yawon buɗe ido da muka tuntuɓa ya faɗa mana farashin da ya kusa cinye kuɗin abincinmu na wata guda. Shin akwai abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi a garin, ko mu haƙura har sai hali ya samu?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'ya'yana. Kada ku haƙura, kuma kada ku biya kamfanin nan. Nainital yana cikin garuruwan da abin da ya fi kyau a cikinsu kyauta ne, domin kallon tafki da tsaunuka da shan iska mai sanyi ba su da mai karɓar kuɗi. Kuɗin baƙo a garin yana zurarewa ne ta ƙofofi uku: lokacin da ya zaɓa ya je, wurin da ya kwana, da motar da ya ɗauka shata don a zagaya da shi. Wanda ya toshe waɗannan ƙofofi ya gama da mafi yawan tsadar.

Ta fuskar lokaci kun riga kun yi dace. A watannin Mayu da Yuni, lokacin da zafin Delhi ke haura digiri 40 kuma makarantu ke hutu, mutanen filayen ƙasa suna kwarara zuwa tsaunuka, farashin ɗaki ya ninka, har ta kan kai 'yan sanda su tsayar da motocin baƙi a wajen gari saboda babu wurin ajiye su a ciki. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba damina ce, ɗaki yana araha amma hanyoyi suna yawan toshewa saboda zaftarewar ƙasa, gajimare kuma yakan rufe duk abin da mutum ya zo kallo. Nuwamba kuwa sama takan washe, jama'a sun ragu, masu otal suna sauraron tayi. Abin da za ku kiyaye kawai shi ne kada tafiyarku ta faɗa cikin hutun Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu, kuma idan da hali ku sa kwanakinku tsakanin Litinin da Alhamis, domin daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi mutanen Delhi suke cika garin ko da ba lokacin hutu ba ne.

Jirgin ƙasa ba ya hawa har Nainital. Yana tsayawa ne a Kathgodam, a gindin tsaunuka, kimanin kilomita 35 daga garin. Akwai jirgin da ake kira Shatabdi mai tashi daga New Delhi da sassafe ya isa kafin azahar, yana da daɗi amma ya fi tsada. Wanda ya dace da ku shi ne Ranikhet Express, mai barin tsohuwar tashar Delhi da misalin ƙarfe goma na dare ya isa Kathgodam wajen asuba, domin idan kun yanki tikitin taragon kwanciya mara na'urar sanyaya ɗaki, kun biya kuɗin tafiya kuma kun huta da biyan otal na dare ɗaya. Jirgin yana tsayawa a Ghaziabad, wadda ta fi muku kusa da shiga cikin Delhi. Ku riƙe bargo, don a wannan tarago ba a raba shi, kuma sanyin daren Nuwamba yana ratsa taga. Ana buɗe sayar da tikiti kwana 60 kafin ranar tafiya, don haka kada ku jira makon ƙarshe. Idan ba ku samu gurbi ba, akwai bas daga tashar Anand Vihar zuwa Haldwani, garin da ke manne da Kathgodam.

Da kun sauka daga jirgi direbobin tasi za su yanyame ku, kowa yana cewa ku ɗauke shi shata. Ku wuce su cikin ladabi ku nemi motar da ake biyan kuɗin kujera, irin wadda sai ta cika take tashi, ko ku hau bas ɗin gwamnati. Tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce ko kusa da haka, hanyar kuma murɗe-murɗe ce tun daga ƙasa har sama, saboda haka mai saurin jin amai a mota ya nemi kujerar gaba, kuma kada ya cika cikinsa kafin a tashi.

Kafin mu zo ga masauki, ya kamata ku san shimfiɗar garin, domin ita ce za ta gaya muku inda tsada take. Tafkin yana kan tudun da ya kusa kai mita 2,000 daga saman teku, tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba, kuma ana cewa ya yi kama da ido, daga nan ma sunan ya samo asali, don kalmar naini tana da alaƙa da ido, tal kuwa tafki ne. Ƙarshensa na kudu, inda bas ke sauke fasinja, shi ne Tallital, na arewa kuma Mallital. Titin da ya haɗa su ta gefen gabas shi ne Mall Road, kuma duk abin da ke fuskantar wannan titi, ɗaki ne ko kofin shayi, farashinsa ya haɗa da kuɗin kallon ruwa. Idan kuka hau matakalan da ke bayan titin na minti goma, ko kuka nemi ƙananan masaukai a ɓangaren Tallital, za ku samu ɗaki mai gadaje uku ko huɗu da rahusa mai yawa. Ku huɗu ne, ɗaki ɗaya ya ishe ku, kuma ba kwana kuka je yi ba. Sai dai araha ba ta ado: ku ga ɗakin da idonku kafin ku biya, ku buɗe famfo ku tabbatar akwai ruwan zafi, ku kuma tambaya ko na'urar ɗumama ɗaki tana cikin kuɗin, domin wurare da yawa daban suke cajin ta.

Akwai abin da ya shafe ku a matsayinku na baƙin ƙasa wanda abokanku Indiyawa ba za su tuna su faɗa muku ba. Doka ta wajabta wa kowane masauki ya cike takardar da ake kira Form C ga duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba ya aika wa hukuma, kuma wasu ƙananan wurare ba su yi rajistar yin haka ba, ko suna ƙyashin wahalar. Ni kaina na taɓa hawa matakala da jaka a kafaɗa cikin sanyin safiya zuwa wani masauki da na riga na kama ɗaki a cikinsa ta intanet, mai wurin ya kalli fasfona ya ce sai dai in yi haƙuri. Ku buga waya tun kuna Noida ku ce ku 'yan Najeriya ne, ku ji amsarsu. Ku tafi da fasfo da takardar izinin zama ta ɗalibi, da kwafinsu.

Yanzu ga abin da za ku yi da kwanakin. Ranar farko ta tafki ce. Ku zagaya shi da ƙafa, zagayen bai wuce kilomita uku da 'yan kai ba: ku bi Mall Road zuwa Mallital, sannan ku dawo ta ɗaya gefen, ta hanyar da ake kira Thandi Sadak, ma'ana hanya mai sanyi, domin tana ƙarƙashin inuwar tsauni da itatuwa kuma mota ba ta bin ta. A ganina wannan hanya ita ce mafi daɗin abin da ke cikin garin, musamman da hantsi lokacin da rana ta haska gidajen da ke rataye a jikin tsaunin da ke fuskantarta, hotonsu yana rawa a cikin ruwa. A kan Mall Road kuma za ku ga wani tsohon ɗakin karatu na katako a bakin ruwa, mai sunan Durga Lal Sah, wanda ya cancanci a tsaya a dube shi.

A Mallital akwai wani fili shimfiɗaɗɗe da ake kira Flats, kuma duk wanda ya ga yadda garin yake a tsaye zai yi mamakin inda aka samo fili irin wannan. Asalinsa musiba ce. Turawan Ingila sun fara gina garin ne a 1841, bayan wani ɗan kasuwar sukari mai suna Barron ya ga tafkin ya yi sha'awarsa, daga baya kuma ya zama wurin da gwamnatin lardin take ƙaura zuwa cikinsa duk bazara. Sun sare itatuwa sun yi gine-gine a jikin tsauni ba tare da lura da raunin ƙasar ba. Ranar 18 ga Satumba 1880, bayan kwanaki ana tafka ruwa, gefen tsaunin da ke arewacin tafkin ya rufto, ya binne otal da shaguna da wurin ibadar Hindu na Naina Devi, mutum 151 suka rasu. Ƙasar da ta zubo ce aka baje ta zama filin, kuma bayan wannan ne aka gina magudanun ruwa na dutse da za ku riƙa gani suna saukowa daga kowane gefe zuwa tafkin. Yau samari ne ke buga ƙwallon ƙafa da kurket a wurin, kallo kyauta ne, kuma ban yi tsammanin ɗan Kano zai daɗe a bakin fili ba a jawo shi cikin wasa ba. A gefen filin ne babban masallacin garin yake, wanda aka gina a 1882, ga wurin ibadar mabiya Sikh, ga na Hindu da aka sake ginawa a bakin ruwa, duk a 'yar tazarar da ba ta fi jifa ba.

Shiga kwalekwale yana cikin abubuwa kaɗan da nake ganin sun cancanci ku fitar da kuɗi. Iri biyu ne: wanda matuƙi ke tuƙawa da filafili, da wanda ku za ku riƙa murzawa da ƙafa kamar keke. Kuɗin na kwalekwale ne, ba na kowane mutum ba, kuma akwai farashin cikakken zagaye da na rabi a rubuce a wurin yankan tikiti, saboda haka ku je can kai tsaye ku bar masu tare mutane a hanya. Ku sa rigar ceto ko da kun iya ruwa, domin zurfin tafkin ya haura mita 25, ruwan yana da sanyin da ke ɗaure gaɓoɓi, kuma an hana iyo a cikinsa.

Rana ta biyu ta hawa ce, kuma nan ne za ku ci ribar ƙuruciyarku. Direbobi za su nuna muku kati mai jerin wurare shida ko bakwai da za su kai ku a yini ɗaya. Na taɓa biya, kuma abin da na samu shi ne tsayuwar minti goma-goma a gefen titi, a wuraren da aka raɗa wa sunaye masu daɗi alhali ba su wuce kwana a kan hanya ba, kowanne da mai sayar da shayi da mai ɗaukar hoto suna jira. Ku bar wannan, ku hau Naina Peak, wanda tsofaffin mutanen garin ke kira Cheena Peak. Shi ne mafi tsawo a kewayen, mita 2,615, kimanin kilomita shida daga Mallital, ta cikin dajin itatuwan oak da deodar. Ku tashi bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa, domin da safe ne sama take tas. Idan rana ta ɗaga hazo yakan taso daga kwari ya rufe nesa. Daga ƙololuwar, idan kun juya kudu tafkin yana ƙarƙashinku gaba ɗaya har ku gane dalilin da ya sa aka ce ido ne, idan kun juya arewa kuma jerin Himalaya ne fari fat, ciki har da Trisul da Nanda Devi mai mita 7,816. Wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Hausa, inda Dala da Goron Dutse suke manyan duwatsu, zai daɗe yana tasbihi kafin ya tuna da wayarsa. Ku ɗauki ruwa da abinci daga gari, ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku tafi tare kada wani ya ware, kuma ku sauko tun da rana, domin dajin akwai damisa kuma magariba tana saurin yi a Nuwamba.

Idan ƙafa ta yi tsami washegari, akwai masu sauƙi. Snow View, mai mita 2,270, yana da keken igiya, wato ɗan ɗaki mai tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, da ke ɗaukar mutane daga Mallital cikin 'yan mintoci, amma akwai hanyar ƙafa kuma, kuma saurayi ba ya buƙatar biyan kuɗi don hawan da bai fi sa'a ɗaya ba. Daga can ma ana hango tsaunukan ƙanƙara, sai dai wurin ya cika da shaguna da wasannin yara. A ɗaya gefen tafkin, kan tsaunin Ayarpatta, akwai Tiffin Top da Land's End, inda ake hango wani ƙaramin tafki mai suna Khurpatal can ƙasa. Masu dawakai za su yi ta kiranku a Barapathar, ku gode musu ku ci gaba da ƙafa. A watan Agusta na 2024 ɓangaren dutsen Tiffin Top ya zaftare tare da dakalin tarihi da ake kira Dorothy's Seat, don haka ku tambayi mai masaukinku halin da hanyar take ciki, kuma kada ku tsallake shingen da hukuma ta sa don neman hoto. A gefen tsaunin nan ne kuma Gurney House yake, gidan da Jim Corbett ya zauna, maharbin da aka haifa a garin a 1875 wanda babban gandun namun dajin jihar ke ɗauke da sunansa. Faɗuwar rana kuma a Hanumangarhi ake kallonta, 'yar tafiya kaɗan daga Tallital.

Abinci ba zai wahalar da ku ba tunda kun saba da ƙasar. Ku guji gidajen abinci masu gilashi a kan Mall Road, ku shiga Bara Bazaar a Mallital ko kasuwar Tallital, inda 'yan gari ke cin faranti mai shinkafa da wake da gurasa da ganye. Tsaraba kuwa kyandir ne, don garin ya shahara da yin sa cikin siffofi iri-iri, kuma a Bara Bazaar ya fi sauƙi. Abu na ƙarshe: za a kalle ku, wasu ma za su nemi ɗaukar hoto da ku, domin baƙar fata ba ta da yawa a can. Mafi yawansu sha'awa ce kawai. Wanda kuka ga dama ku amsa masa, wanda ba ku so ku ce a'a da murmushi ku wuce.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Na rako maigidana Delhi ne neman lafiya, an yi masa aiki a gwiwa, kuma likita ya ce sai bayan mako uku zai sake duba shi kafin mu koma gida. Zaman ɗaki ya ishe mu, ga hayaƙin garin yana damun ƙirjina. Muna tare da ɗanmu mai shekara tara. Wani mai fassara ya ba mu shawarar Nainital, amma kuɗin asibiti ya ci mafi yawan guzurinmu, Alhaji kuma da sanda yake tafiya. Ina kuma tsoron batun abinci da wurin salla. Ko tafiyar ta dace da mu?

AMSA: Hajiya, Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Kafin komai ku tambayi likitan da ya yi aikin, ku gaya masa abu biyu a fili: tafiyar za ta kai sa'a bakwai ko takwas a zaune, garin kuma yana kan tudun kusan mita 2,000. Wanda aka yi wa aiki a ƙafa akwai haɗarin daskarewar jini idan ya daɗe a zaune, mai ciwon zuciya ko huhu kuma tudu yakan ƙara masa nauyin numfashi. Idan likitan ya amince, ku ɗauki Shatabdi na safe, domin kujerarsa tana da faɗi kuma Alhaji zai iya tashi ya ɗan taka a cikin tarago. A nan ba zan ba ku shawarar tsimin da na ba ɗaliban can ba. Daga Kathgodam ku ɗauki tasi shata.

Shawarar masauki ma takan juye a kanku. Ɗakunan araha na Nainital a saman matakala suke, wanda kuwa ke dogara sanda ba zai iya da su ba, na bakin titi kuma su ne masu tsada. Mafita ita ce ku sauka a Bhimtal, wani gari mai nasa tafkin, kimanin kilomita 22 daga Nainital, kuma ya fi kusa da Kathgodam. Tudunsa bai kai mita 1,400 ba, sanyinsa da sauƙi, tafkinsa ya fi na Nainital girma, akwai ɗan tsibiri a tsakiyarsa da ake zuwa da kwalekwale, hayaniya kaɗan ce, kuma ana samun ɗakin ƙasa wanda mota ke tsayawa a ƙofarsa da kuɗin da bai kai na can ba. Wasu masaukan suna da ɗan kicin, wanda zai ba ki damar dafa wa Alhaji abin da ya saba da shi. Kusa da shi akwai Sattal da Naukuchiatal, tafkuna cikin daji inda zama a bakin ruwa da sauraron tsuntsaye ya isa yini guda. Daga Bhimtal sai ku ware rana ɗaya ta tsakiyar mako ku je Nainital ku dawo. Na ce tsakiyar mako ne saboda hanyar tana bi ta Bhowali, inda motocin masu ziyarar wurin ibadar Kainchi Dham ke haddasa cunkoso mai tsanani a ranakun Asabar da Lahadi.

A Nainital ɗin, abin da ya dace da ku duk a shimfiɗe yake. Gefen tafki akwai kujerun zama, da yamma kuma akan hana motoci bin Mall Road na wasu sa'o'i, sai titin ya zama na masu tafiya da ƙafa. Keken igiya zai kai ku Snow View ba tare da Alhaji ya wahala ba, kuma a wurinku kuɗin ya halatta, sai dai ku je da safe kafin layi ya yi tsawo. Kwalekwalen matuƙi za ku shiga, ba na murzawa da ƙafa ba, kuma a riƙe Alhaji da kyau wajen shiga da fita. Gidan namun daji na garin yana da dabbobin tsaunuka da yaro zai so gani, amma a jikin gangare aka gina shi, don haka ke da yaron ku je, ku bar maigida yana hutawa a bakin ruwa. Ki ja kunnen yaron game da birai: kada ya riƙe abinci a fili, kada ya tsokane su, domin fizge suke yi kuma suna cizo.

Batun salla da sauƙi. Masallacin Juma'a yana Mallital a gefen Flats, kuma ku matafiya ne, tazarar ta ninka ta ƙasaru, kuna da rangwamen da shari'a ta ba ku matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Na nama kuma, a kewayen masallacin akwai Musulmi masu gidajen abinci, ki tambayi masallata su nuna miki. A wajen nan kada ki ɗauka kowane nama halal ne, domin akwai yankan da ake kira jhatka, wanda ake sare kan dabba da bugu ɗaya. Idan kina shakka ki ci na ganye, kuma a kan kayan da ke cikin leda alamarsa koren ɗigo ne a cikin koren akwati. Idan kuka ji ana tallar Maggi a kowane lungu, ba ɗanɗanon miya ake nufi ba, taliyar yara ce irin Indomie, kuma ita ce abin ci mafi sauƙin kuɗi a kan tsauni. Ku ɗanɗani bal mithai, wata alawa mai launin ƙasa da ake yi da dafaffiyar madara a barbaɗe ta da fararen ƙwayoyin sukari. Za ta tuna miki da alawar madara. Gargaɗi ɗaya da nake so ki riƙe da muhimmanci: idan a cikin guzurinku akwai kilishi ko dambun naman sa, kada ku tafi da shi. Dokar jihar Uttarakhand ta haramta yanka saniya da sayar da namanta, kuma batu ne da ke tayar da fitina a ƙasar tun kafin a kai ga hukuma.

TAMBAYA: Malam, ni burina kawai in ga dusar ƙanƙara da idona kafin in gama karatu in koma Zinder. Idan na je Nainital a hutun ƙarshen Disamba zan same ta?

AMSA: Ɗana, mai yiwuwa ne ka je ka dawo ba ka gan ta tana zuba ba. Nainital ba ya cikin garuruwan da ƙanƙara ke rufewa duk hunturu. Takan sauka ne 'yan lokuta, galibi tsakanin ƙarshen Disamba da Fabrairu, idan iska mai ɗauke da danshi ta taso daga yamma, a cikin gari kuma takan narke cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai shekarun da garin ba ya samun ta kirki. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa yana cikin mafi tsadar lokuta, don haka za ka biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba shi da tabbas.

Abin da ya fi shi ne ka jira bayan makon farko na Janairu, lokacin da baƙi suka watse kuma farashin ɗaki ya faɗi, ka riƙa bibiyar hasashen hukumar yanayi ta Indiya, ka kuma ajiye lambar wani mai masauki da zai gaya maka gaskiyar abin da ke ƙasa. Da ka ji ta zuba, ka hau bas ɗin dare daga Anand Vihar, tunda shi ba ya buƙatar yankan tikiti tun da wuri kamar jirgi. Ko ta narke a bakin tafki, takan daɗe a wurare masu tudu da inuwa, kamar hanyar Naina Peak da hanyar Kilbury zuwa Pangot. Ka sayi safar hannu da hular sanyi a kasuwar 'yan Tibet da ke gefen Flats, ka taya ƙasa da abin da aka fara faɗa maka, kuma kada ka taka hanyar da ta daskare da takalmi mai santsin ƙasa, musamman da sassafe kafin rana ta taɓa ta.